Masai Ya Toshe: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Masan tangaran ba can cikin ƙasa ya fi toshewa ba. Matsalar tana yawan zama a lanƙwasar nan ta ƙasan kwanon, inda ruwa ke kwance kullum. Kuma da gangan aka yi lanƙwasar. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi wa dabarar rajista a Landan a 1775: ruwan da ke kwance a wurin shi ke tare warin rami kada ya biyo bututu ya shigo ɗaki. Abin da ya raba gida da ɗoyi ke nan, kuma shi ne mai cafke ledar fiya wata, famfas, audugar mata, guntun sabulu da motar wasan yara.

Robar nan mai sanda da ake zuƙe toshewa da ita, yawancinmu dannawa muke yi iya ƙarfi, alhali jawowar ma tana aiki, don ita ke girgiza abin da ya maƙale. Sannan dole ruwa ya rufe robar. Ruwa ba ya matsuwa, yana kai ƙarfin hannunka har kan toshewar. Iska kuwa matsuwa take yi, ƙarfin ya tafi a banza. Dannawar farko a yi ta a hankali, in ba haka ba rigarka za ta ba da labari.

Idan ruwa ya ƙi wucewa, kada ka sake ja. Wanda ke cikin tankin ya isa ya cika kwanon ya malalo.

Sabulun wanke-wanke da bokitin ruwa mai ɗumi, a bar su kamar rabin awa, sukan saki toshewar da ba ta yi tsanani ba. Amma ɗumi aka ce, tafasasshen ruwa yana iya tsaga tangaran. Shi kuwa haɗin bakar hoda da ruwan khal da ya cika bidiyoyin waya, kumfarsa ta fi aikinsa yawa: ɗaya asid ne, ɗaya kishiyarsa, suna haɗuwa sai su kashe juna, a bar ka da iska da ruwa mai gishiri-gishiri.

Wanda ba wasa a cikinsa shi ne gwama magunguna. Bilic irin su Hypo idan ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, irin wasu nau'o'in Harpic, iskar kulorin ce ke tashi, wadda sojojin Jamus suka saki a kan abokan gaba a Ypres a 1915. A ƙuntataccen banɗaki mara taga, ba sai an shaƙa da yawa ba. Kuma iskar nan ta taɓa jawo asarar jirgi sukutum. A Afrilun 1945, a jirgin yaƙin Jamus mai nutso a ƙarƙashin teku, U-1206, an yi kuskuren murɗa bawul ɗin masai, ruwan teku ya kwararo kan batura, kulorin ya tashi. Dole jirgin ya taso sama kusa da gaɓar Sikotilan, jiragen Birtaniya suka gan shi, ƙarshe ma'aikatansa da hannunsu suka nutsar da shi.

Masu kuɗi ma ba su tsira ba. Katafaren jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen yaƙi, Gerald R. Ford, banɗakunansa toshewa suke yi a kai a kai, har ofishin binciken kuɗin gwamnatin ƙasar ya ce a 2020 duk wankin bututun da asid yana cin kusan dala 400,000.

A 2017 ma'aikata suka gano wani dunƙule a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan: tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130. Kitse ne da man girki suka daskare da jiƙaƙƙun ƙyallayen goge jiki, suka yi tauri kamar kankare. Makonni aka yi ana fasa shi, aka kai wani yanki gidan tarihin birnin, mutane suka yi ta zuwa kallo. Mai juye ragowar miyar manja a masai, ƙaramin irinsa take ginawa a bututun gidanta.

Injin nan mai doguwar waya da ke murɗawa cikin bututu, wani Ba'amurke Samuel Blanc ya harhaɗa shi a 1933 a jihar Iowa, da injin na'urar wanki da tayoyin takalmin sulu. Kafin nan, haƙa ƙasa ake yi a tono bututun.

Wani lokacin kuma masai ba shi da laifi. Idan duk banɗakunan gidan sun ƙi jan ruwa lokaci guda, ko ana jin ƙugi a magudana, musamman da damina, to galibi sokawe ne ya cika. Motar kwasa za a kira, roba ba ta da abin yi a nan. Kada kowa ya shiga ramin, ko da waya ce ta faɗa. Iskar da ke ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa kashe jin wari take yi, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya yanke jiki ya faɗi. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Rami ya ci manya ma. A 1184, a garin Erfurt na Jamus, sarakai na tsaka da taron sulhu a bene sai katakon daɓen ya karye, suka zurma cikin ramin masai da ke ƙasa. Kimanin mutum 60 suka mutu. Sarki Henry na shida ya tsira ne don yana zaune a lungun taga na dutse, sai da aka kawo tsani aka sauko da shi.