Miki da Garkuwar Jiki: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da kaka ta yi, daga Dogon Daji a Tambuwal har Kuchi a Kebbe, ba a rasa wanda lauje ya yanke ko salansar babur ta ƙona. Kafin jini ya tsaya, kowa ya zama likita. Bari mu tace abin da ake faɗa.

"Ja da kumburi alamar miki ya ɓaci ne." Ba kullum ba. Cikin 'yan sa'o'i, fararen ƙwayoyin jini, dakarun garkuwar jiki, suke dafifi zuwa wurin. Na farko su haɗiye ƙwayoyin cuta. Bayan kwana 2 zuwa 3 manyansu su iso, su kwashe mataccen nama, su kira sabon nama ya tsiro. Masani Metchnikoff ya ga irin haka a 1882, da ya soka ƙaya a jikin wata ƙaramar halittar teku, ƙwayoyin jikinta suka yi wa ƙayar zobe. Amma in ja na yaɗuwa, ga wari, ga zazzaɓi, miki ya harbu.

"Mugunya dauɗa ce ke fita, a bar ta." Kuskure ne. Mugunya gawarwakin fararen ƙwayoyin ne da ƙwayoyin cuta; yawanta na nufin yaƙi ya tsananta.

"Toka, baƙin mai ko kashin shanu na busar da miki." Ƙarya ce mai kisa. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a ƙasa da kashin dabbobi take zaune.

"A bar miki ya sha iska." Kuskure ne. A 1962, masani George Winter a Ingila ya nuna cewa mikin da aka rufe da ɗan danshinsa ya fi saurin haɗewa.

"Ƙwai da nama na sa mugunya." Babu gaskiya a ciki. Da su jiki ke gina sabuwar fata.

"Mikin mai ciwon suga ba ya saurin warkewa." Gaskiya ne. Yawan suga na raunana fararen ƙwayoyin, shi ya sa sukar ƙaya a ƙafa kan koma gyambo.

Don haka, ɗan'uwa manomi, wanke miki da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe da bandeji. Ƙuna kuwa a yi ta kwarara mata ruwan sanyi har minti 20. In yankan ya yi zurfi, garzaya asibiti a yi maka allurar riga-kafin sarƙe-haƙora. Allah ya ba jikinka dakaru. Kada ka ƙara musu abokan gaba da hannunka.