Zuba Waƙoƙi a Filashi: Yadda Ake Tsara Su Su Taso Bi da Bi

Filashi ɗan ƙaramin ma'ajin bayanai ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ake soka shi a kafar USB ta kwamfuta ko rediyon mota ko sifika. Ba ya amfani da batir, kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa kamar kaset ko faifan CD, shi ya sa gargadar hanya ba ta sa waƙa ta sarƙe. Ya shigo kasuwa a shekarar 2000, kuma wanda kamfanin IBM ya fara sayarwa megabait 8 kacal yake ɗauka, waƙa biyu ta cika shi. Yau mai giga 8 ma ƙarami ake ɗaukarsa, kuma shi da ƙaninsa memori sun maye gurbin kaset a motocin haya da Adaidaita Sahu da teburin mai shayi.

Yawan abin da filashi zai ɗauka ya danganta da irin fayil ɗin. MP3, wanda masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, yana matse sauti ta hanyar zubar da abin da kunne ba ya cika kamawa. Idan an matse shi a ma'aunin kilobit 128 a daƙiƙa, minti ɗaya yana cin kusan megabait ɗaya. A ma'aunin 320 kuwa, ya haura biyu. Minti ɗaya na sautin CD da ba a matse ba yana cin wajen megabait goma. Da wannan lissafin, filashi mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 120 na sauti a ma'aunin 128. Ko da mutum ya tara dogayen waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗanƙwairo ya haɗa da karatun Alƙur'ani izu sittin, da wuya wuri ya ƙare masa.

Inda ake samun cikas shi ne wajen na'urar da za ta karanta. Kwamfuta takan buɗe kusan komai, amma rediyon mota da ƙananan sifikokin kasuwa ba su da wannan haƙurin. Abu na farko da suke dubawa shi ne tsarin da aka yi wa filashin fomatin da shi. FAT32 shi ne tsohon tsarin da kusan kowace na'ura ta sani. Filashin da ya wuce giga 32 yawanci da exFAT yake zuwa, tsarin da Microsoft ya fitar a 2006, wasu kuma sukan mayar da nasu NTFS, kuma tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa gane ko ɗaya daga cikin biyun. Direba ya soka filashi sabo fil, allo ya nuna babu komai, ya ɗauka an cuce shi, alhali fomatin ne kawai bai dace ba. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, amma wannan damuwar masu fim ce, ba ta masu waƙa ba. Fomatin yana share duk abin da ke ciki, don haka kafin zuba waƙoƙi ake yin sa.

Na biyu shi ne nau'in fayil. MP3 kowa na karanta shi. M4A da FLAC sai na'urorin baya-bayan nan. Saƙon murya na WhatsApp, wanda wa'azi da waƙoƙin biki ke yawo da shi, yawanci a tsarin Opus yake, kuma sai an juya shi zuwa MP3 kafin yawancin motoci su yarda da shi. Waƙoƙin da aka sauke a cikin manhaja irin Spotify kuwa a kulle suke. Ko an kwafe su, ba za su buɗe a wani wuri ba.

Batun jeri ya fi kowanne ɗaure kai. Kwamfuta tana nuna waƙoƙi bisa haruffan sunayensu, sai mai zubawa ya zaci haka za su taso a mota. Na'urori masu araha da dama ba sa duba suna ko kaɗan: wanda aka fara kwafa shi suke fara sakawa. Waɗanda ke duba sunan ma harafi-harafi suke bi, don haka 10 takan riga 2 fitowa, saboda da 1 ta fara. Maganinsa shi ne sa sifiri a gaba: 01, 02, har zuwa 10. Surorin Alƙur'ani 114 ne, saboda haka lambobi uku suke bukata, daga 001 ta Fatiha zuwa 114 ta Nasi, in ba haka ba sai a ji an tsallaka daga Hudu, sura ta 11, zuwa sura ta 110. Idan aka sa lambobin, aka kwafe fayilolin a jere cikin filashin da aka yi wa sabon fomatin, an gamsar da nau'ikan na'urorin duka biyu.

Jerin waƙoƙin da mutum ya shirya a kwamfuta wani abu ne daban. Fayil ɗin M3U da ake ajiye irin wannan jerin a ciki ba ya ɗauke da sauti ko na daƙiƙa ɗaya. Rubutu ne zalla, kowane layi yana nuna inda wata waƙa take, kamar takardar kwatance. Idan kwatancen ya ce waƙar tana cikin wata folda a faifan C na kwamfutar gida, da zarar an cire filashin kwatancen ya tashi a banza. Haka kuma harafin da Windows ke ba filashi yana canzawa: E a wannan kwamfuta, F a waccan. Daidai shi ne a ajiye fayil ɗin jerin a cikin filashin, kowane layi ya fara daga sunan foldar da waƙar take, ba tare da harafin faifai ba. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikita tsohon M3U. Nau'insa mai suna M3U8 yana riƙe su, sai dai ba kowace rediyo ke karanta shi ba. Saboda haka masu hikima sukan haƙura da fayil ɗin jeri gaba ɗaya, su ware folda guda ga kowane yanayi: ta tafiya, ta biki, ta karatun asuba. Waƙa ɗaya za ta maimaitu a folda biyu, amma wuri ba shi da tsada.

Sunan da ke bayyana a allon rediyo sau da yawa ba sunan fayil ba ne. Daga wani ɗan bayani da ke manne a cikin MP3 ake ɗauko shi, wanda ake kira ID3, kuma shi ya sa wani lokaci sunan shafin da aka sauke waƙar ke fitowa maimakon na mawaƙin. Ana gyara shi a kwamfuta cikin minti ɗaya.

Mai kai filashinsa shagon 'yan dawunlodin a zuba masa yana da abu biyu da zai kiyaye. Kwamfutar da ake soka wa filashi iri-iri daga safe zuwa dare matattarar bairos ce, musamman irin wanda ke ɓoye foldoji ya bar gunkinsu kawai. Akwai kuma filashin jabu, wanda aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba: zai karɓi duk abin da aka tura masa ba gardama, sai an zo saurare a tarar da yawancin fayilolin sun lalace. Ana gane shi ta hanyar cika shi taf a gwada buɗe waƙoƙin farko da na ƙarshe. Fizge filashi ana tsakiyar kwafa ma yana ɓata fayil, kuma barinsa a jikin rediyo cikin motar da ta wuni a ranar bazara yana rage masa kwana. Asalin waƙoƙin a kwamfuta ko wani ma'aji na biyu ya kamata su zauna, filashin ya zama na yawo.