Lalitar Kirifto: Ina Kuɗin Suke Zama?



Yanzu da wuya ka zauna a majalisar matasa ba ka ji ana zancen Bitcoin ba. Wannan kuɗin intanet ya fito ne a shekarar 2009, kuma babu wani banki da ke riƙe da shi. To idan babu banki, wa ke gadin dukiyar mutum? Amsar ita ce wata 'yar na'ura da ba ta fi girman filash ba, wadda za mu kira lalitar kirifto. Sanannun su ne Trezor, da aka fara sayarwa a 2014 daga ƙasar Cek, da Ledger ta ƙasar Faransa.

Abin da zai ba ku mamaki, ko sisi babu a cikin lalitar. Kuɗin suna rubuce ne a wani babban kundi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke cikin lalitar shi ne makullin sirri, wato wata doguwar lamba. Duk wanda ya san lambar nan, shi ne mai kuɗin. Kundin bai san suna ba, bai san fuska ba.

Da yawa suna barin makullinsu a hannun kamfanonin canji. A 2014 kamfanin Mt. Gox na Japan ya rushe, Bitcoin kusan 850,000 suka ɓace. Wasu kuma suna ajiye makullin a salula ko kwamfuta, inda masu kutse za su iya kai masa. Lalitar an yi ta ne don makullin kada ya taɓa hawa intanet.

Ga yadda take aiki. In za ka aika kuɗi, sai ka haɗa ta da kwamfuta ko salula. Kwamfutar ta turo mata bayanin ciniki: nawa ne, kuma wa za a ba. Lalitar ta nuna maka a ɗan allonta, ka duba da idonka, ka danna maɓalli. Sai ta sa hannu a can cikinta, ta mayar wa kwamfutar da sa hannun kawai. Makullin bai fito ba. Ka ga ko da kwamfutar ta kamu da cuta, ɓarawo ba zai gan shi ba. Amma fa sai ka karanta adireshin da ke ɗan allon nan da kyau, don akwai manhajojin da ke sauya adireshi a ɓoye, kuma kuɗin da suka tafi ba su dawowa.

To in an sace lalitar fa? Akwai lambar buɗewa. A Ledger, in aka yi kuskure sau 3 a jere, na'urar tana goge duk abin da ke cikinta. In ta faɗa ruwa ko ta ƙone kuwa, nan ne kalmomin ceto ke shigowa. Ranar da ka fara kunna ta, za ta ba ka kalmomi 12 ko 24 a jere, waɗanda aka ɗebo daga jerin kalmomi 2,048. Da su kaɗai za ka sayi sabuwa, ka dawo da makullinka cif.

Kenan kalmomin nan su ne ainihin dukiyar. A rubuta su da hannu a takarda, a ɓoye. Kar a ɗauke su hoto, kar a tura su ta WhatsApp. Duk wanda ya kira ka ko ya turo saƙo yana neman su, ko da ya ce daga kamfanin yake, ɓarawo ne. Kuma kar a sayi lalita ta hannu, don ana iya shirya ta da kalmomin da wani ya riga ya sani.

Saura magana ɗaya ga iyayenmu da yayyenmu masu wannan harka. Mutum in ya rasu bai bar wa iyalinsa hanyar samun kalmomin ba, babu alƙali ko kamfanin da zai iya fito da kuɗin, haƙƙin magada ya salwanta kenan. A nemi amintacce a sanar da shi inda takardar take tun ana da lafiya.

Allah Ya tsare mana halal ɗinmu. Wassalam.