Batirin Jiragen Wasa: Haɗarinsa Ya Fi Yawa A Ƙasa

Duk wanda ya ga ƙaramin jirgi maras matuƙi yana shawagi a filin biki yana ɗaukar hotuna, tsoronsa shi ne kada ya faɗo wa wani a ka. Amma su masu harkar, batirinsa suka fi tsoro, musamman sa'ad da ake yi masa caji a ɗaki.

Wannan batir, wanda ake kira LiPo, dangi ne na batirin litiyam da kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Ba shi da nauyi, ga kuma ƙarfi, sai dai yana da iyaka biyu da ba a ƙetarewa. Kowace ƙwaya tasa takan cika ne a bolt 4.2, kuma ba a barinta ta sauka ƙasa da 3.0.

A wajen cikar ne akan yi ɓarna. Batir mai ƙwaya uku yakan nuna 12.6 in ya cika, amma na'urar cajin da jimla kaɗai take dubawa tana iya barin biyu a 4.1, ta tura ɗaya zuwa 4.4. Lissafi ya yi daidai, alhali kuwa ɗan hakin da aka raina shi ne zai tsone ido, domin wannan ƙwaya ɗaya za ta yi zafi ta kumbura, in ta kama wuta ta kunna sauran. Saboda haka tilas ne a yi amfani da na'urar da ke auna kowace ƙwaya dabam, sa'an nan kada a yi gaggawa: batir mai mAh 2,200 a ba shi amfiya 2.2, watau cajin wajen sa'a guda. A ɗora shi bisa siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa. Kada a jona shi a tafi barci.

Wanda aka sauko da shi yanzu, a bari ya huce tukuna. Wanda kuma aka tatse ƙarƙaf, jan ƙarfen cikinsa yakan fara narkewa, sake yi masa caji ganganci ne.

In za a yi kwanaki ba a tashi jirgin ba, sai a daidaita kowace ƙwaya a 3.8, a ajiye a inuwa. Mota rufaffiya cikin ranar bazara ba wurin ajiyarsa ba ce. Wanda ya riga ya kumbura kuwa ya gama aiki, ba a huda shi, ba a kuma danne shi don ya koma daidai.