Gona bayan girbi

Yara, kaka ta zo. A Kore Mairuwa an yanke hatsi, an ɗaure damma, an kai rumbu. An roro wake, an cire gujiya. Wanda ya biyo babbar hanya daga Doso zuwa Dogon Dutsi ba ya ganin kome a gonaki sai kara a tsaye. Mutane da yawa sukan ce aikin gona ya ƙare. Bai ƙare ba. Abin da manomi ya yi wa gonarsa tsakanin kaka da bazara, shi zai gani cikin rumbunsa baɗi.

Aikin farko shi ne fid da iri. Manomi yakan zaɓi manyan zangarniyoyi masu cikakkiyar tsaba, waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba. Ya ɗaure su dabam, ya aje inda ba laima. Ko yunwa ta matsa, ba a cin iri.

Wake kuwa yana da maƙiyi: ɗan ƙaramin ƙwaro mai huda shi. Cikin ƴan watanni yakan mai da buhu guda gari. Kakanninmu suna cuɗa wake da toka ko rairayi. Tun shekara ta 2007 aka fara kawo buhun PICS a ƙauyukan Nijar. Buhu ukku ne cikin juna: leda biyu daga ciki, buhun saƙa daga waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a ɗaure kowane buhu dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba tare da an sa magani ba.

To, kara fa? Kowa yana son kara. Inna tana so ta hura wuta. Baba yana so ya yi darni. Tumaki da shanu suna so su ci. Amma ƙasa ma tana son rabonta. Gonakinmu na tudu jigawa ce. In an kwashe kara duka, an bar ta tsirara. Iskar hunturu ta taso, ta ɗauke ƙasar sama mai laushi, wadda ita ce abincin shuka. In aka ƙone kara kuma, hayaƙi ya tafi da amfanin, iska ta tafi da tokar.

Saboda haka a ɗebi na bukata, a sare sauran, a kwantar da shi bisa ƙasa. Kara kwance yana tare rairayi da ƙurar da iska ta ɗauko. Gara takan zo ta ci shi, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Akwai wani amfani kuma. Tsutsar da ke huda karan hatsi cikin kara take yin rani. In kara yana kwance, zafin rana yakan kashe da yawa daga cikinsu.

Taki shi ne na gaba. Kowace shekara hukuma takan sa ranar sakin gonaki, don kada dabbobi su shiga tun ba a gama kwashe amfani ba. Bayan ranar, manomi mai wayo yakan yi shiri da Bafillace: shanu su ci kara, su kwana a gonar, shi kuma ya ba makiyayi hatsi. Kowa ya samu. Wanda ba shi da wannan hali, sai ya kai takin gida da amalanke ko jaki. Inda ƙasa ta zama fako, ba ta shan ruwa, a haƙa tassa: ƙananan ramu masu faɗin taƙi guda. A zuba taki cikin kowane rami, a jira ruwan fari. Manoman Illela, cikin jihar Tawa, sun raya fako mai yawa da wannan dabara tun 1989.

Kada mu manta da itace. Dubi gawo: da damina yakan zubar da ganye, ba ya rufe wa hatsi rana. Da rani ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa, su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi kyau. In ana sassabe, kada a sare kalgo da sabara duka. A bar reshe biyu ko ukku masu ƙarfi a kowane kututture, su girma su zama itace. A ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa wannan hanya wajen 1984, yanzu ta kai wurare da yawa.

Mu mutanen Dallol Mawri muna da sa'a, don ruwa ba shi da nisa a fadama. Bayan farin 1984, shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi kira a dage da noman rani. Rake, rogo, dankali da albasa suna cika abin da damina ta rage.

Hunturu kuma lokacin koyo ne, tun da hauya ta huta. Manya suna zuwa ajin yaƙi da jahilci. Suna sauraron shirin manoma a rediyo. Suna tambayar malamin gona, suna zuwa ganin gonar maƙwabci wanda hatsinsa ya yi kyau. Ku ma kuna da aiki. Kun iya karatu da lissafi cikin harshenku. Ku taimaki iyayenku: ku rubuta damma nawa aka samu a kowace gona, wane iri aka shuka, ina aka zuba taki. Baɗi ku gwada, ku ga wace gona ta fi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tambayoyi

1. Don mi ba a son ƙone kara a gona?
2. Yaya buhun PICS yake kashe ƙwarin wake?
3. Mi manomi yake samu wurin makiyayi? Mi makiyayi yake samu?
4. Mi ya bambanta gawo da sauran itatuwa?

Aikin yi

Ka je gonarku. Ka ƙirga itatuwan da ke ciki, ka rubuta sunayensu. Ka tambayi wani tsoho ko sun fi yawa a da. Ka kawo amsa aji.