Bindigar Na Hannun Wa?

Mai tafiya Gusau daga Funtua dole ya ratsa Sheme, inda hanyar Ƙanƙara ta ɓalle. Ɗan sandan da ya ɗaga maka hannu a bakin titin nan, albashinsa da kakinsa da umarnin da yake bi duk daga Abuja suke zuwa, ba daga gidan gwamnatin Katsina ba. Mutane da yawa ba su lura da haka sai ranar tashin hankali.

Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Shugaba Muhammadu Buhari yana Daura a lokacin. Gwamna Aminu Bello Masari ya garzaya garin, iyaye suka yi masa caa, amma babu soja ko guda da zai iya cewa tashi ya tashi. Sashe na 130 na tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa ya ba muƙamin babban kwamandan askarawa. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Shugaban ƙasa ke naɗa sufeto janar, kuma ko kwamishinan 'yan sandan jiha, idan gwamna ya ba shi umarni, yana iya cewa a fara kai maganar gaban shugaban ƙasa. Ana yi wa gwamna kirari da shugaban tsaron jiha, amma wuƙar ba a hannunsa take ba. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344.

Ikon shugaban ƙasa dai yana da iyaka. Kasafin kuɗi sai majalisa ta amince, kuma mutanen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa suna da wakili ɗaya a majalisar wakilai da ke cikin masu amincewar. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu kan doka, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu suna iya tsallake shi. Gonar da ake rikici a kanta kuwa, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna.

A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da askarawan sa-kai na jiha, yaran ƙauyukan da suka san dajin tun suna kiwo. Sai dai izinin riƙe bindiga irin AK-47, wadda ɓarayin daji ke yawo da ita, dokar makamai shugaban ƙasa ta ba ikon bayarwa.