Zaɓen Motar Jan Tirela Domin Zaman Sansani a Bakin Madatsar Chalawa

Gabatarwa

A ƙasashe irin su Amurka akwai wasu manyan motoci da aka ƙera tamkar gida, da gado da murhu da makewayi a cikinsu, waɗanda iyalai kan shiga su tafi hutu bakin tafki suna jaye da jirgin ruwa a baya. Mu a nan ba mu saba da irin wannan mota ba, amma buƙatar da ta haifar da ita tana nan a wajenmu. Madatsar ruwa ta Chalawa da ke Ƙaramar Hukumar Karaye, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, tana iya riƙe ruwan da ya haura cubik mita miliyan 900. Duk malamin da ke Karaye ko Rogo ko Kwanyawa da ya yi niyyar kai ɗalibansa su kwana biyu a bakinta domin nazarin kifaye da tsirran ruwa, zai buƙaci motar da za ta ɗauki mutane da tantuna da babur, ta kuma ja ƙaramin jirgi a bisa tirela. Tambayar ita ce, wace mota ce ta dace? Amsar da yawancinmu kan bayar ita ce, wadda ta fi ƙarfin inji. Wannan maƙala za ta nuna cewa lissafin nauyi da ƙarfin birki su ne ya kamata a fara dubawa.

Nauyi Iri Biyu

Kowace mota tana da iyakoki guda biyu da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, ko dai a littafinta ko a jikin wani ƙaramin allon ƙarfe da akan manna kusa da ƙofar direba. Na farko shi ne nauyin da za ta iya ɗauka a bayanta, na biyu kuma nauyin da za ta iya ja. Alal misali, wasu daga cikin sababbin a-kori-kura samfurin Toyota Hilux an amince su ja har kilogiram 3,500 idan tirelar tana da nata birkin, amma idan ba ta da shi iyakar ba ta wuce kilogiram 750 ba. Abin da za su ɗauka a jikinsu kuwa bai wuce kimanin kilogiram 1,000 ba.

Bari mu yi lissafi da misali. Mu ƙaddara tirela ba kaya tana da kilogiram 350, jirgi 400, injinsa 60, man fetur da rigunan ceto da sauran tarkace 90. Jimla kilogiram 900 ke nan. A cikin mota kuma akwai mutum biyar masu kilogiram 70 kowannensu, wato 350, ruwan sha lita 200, wanda nauyinsa kilogiram 200 ne domin kowace lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce, babur 110, tantuna da abinci da janareta 150. An sami 810. Sai dai lissafin bai ƙare ba, domin hancin tirela yana danne ƙugiyar da aka maƙala shi da kimanin kilogiram 90, wanda shi ma motar ce ke ɗauke da shi. Ashe kilogiram 100 kawai ya rage kafin a kai iyaka, ga shi kuma tirelar ta riga ta wuce 750 ɗin da aka yarda a ja ba birki. Injin zai ja wannan kaya ba tare da ya yi nishi ba, amma haɗari ya riga ya shiga cikin tafiyar.

Darasi Daga Amalanke

Duk yaron da ya taɓa kai taki gona da amalanke ya san cewa idan aka tara kaya a can baya, sandar gaba takan ɗaga sama ta dami shanu, idan kuma aka tara su a gaba, karkiya ta danne musu wuya. Haka al'amarin tirela yake. Ƙa'idar da masana suka fi bayarwa ita ce nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya kasance kusa da kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. Idan ya yi ƙasa da haka ƙwarai, da zarar an ƙara gudu sai tirela ta shiga kaɗa wutsiya dama da hagu, kaɗawar tana ƙaruwa har ta fizge bayan motar. Idan kuma ya yi yawa, bayan mota zai zauna, gabanta ya ɗaga, ƙafafun gaba su rasa kama ƙasa, sitiyari ya yi sako-sako. Jirgin ruwa ya fi wuyar sha'ani domin injinsa a ƙarshen baya yake. Saboda haka sai a matso da jarkokin mai da sauran kaya masu nauyi zuwa gaban ƙafafun tirela kaɗan, a ɗaure su tamau.

Tsayawa Ta Fi Tashi Wuya

Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai fa in wani ƙarfi ya tsayar da shi. Makamashin motsi da ke cikin abin hawa shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Ma'ana, idan nauyi ya ninka biyu makamashin ya ninka biyu, amma idan gudu ya ninka biyu makamashin ya ninka huɗu. Aikin birki shi ne ya mayar da wannan makamashi zafi ta hanyar gugar juna.

A misalinmu, in motar ba kaya tana da kilogiram 2,000, ita da kayanta sun zama 2,810, da tirela kuma 3,710. Idan tirelar ba ta da birki, nisan da za a ci kafin a tsaya zai ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Wato inda da za a tsaya cikin mita 40, yanzu sai an haura 50. Wannan mita goman ita ce tsakanin tsira da kaɗe yaro ko saniyar da ta fito titi ba zato. A doguwar gangara kuma birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi har ya daina kamawa. Maganin wannan shi ne a sauko da giya ƙasa, inji ya taya birki riƙe motar.

Bakin Ruwa

Wuri mafi wahala a tafiyar shi ne mita ashirin na ƙarshe. Da rani ruwan madatsa yakan ja baya ya bar laka da rairayi, kuma dole ne a tura tirela da baya har cikin ruwa kafin jirgi ya sauka. A gangarar da ke sauka mita 1 cikin kowace mita 10, kusan kashi ɗaya bisa goma na dukkan nauyin yana janyo motar zuwa ruwa, alhali laka ta rage wa taya kamu. A nan ne mota mai ja da ƙafa huɗu, irin Land Rover ko Land Cruiser, take nuna fifikonta, domin dukkan nauyinta yana bisa ƙafafun da ke aiki, kuma tana da ƙaramar giya ta musamman da ke ninka ƙarfin juyawar taya a hankali, ba tare da an ƙona kuloci ba. A-kori-kura samfurin Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da ƙafafun baya kawai take ja, don haka gara a tsayar da irinta a busasshen wuri a ƙarasa da hannu. Haka nan yana da kyau a bar ƙafafun tirela su huce kafin a tsoma su a ruwa, domin ƙarfe mai zafi in ya haɗu da sanyi yakan zuƙo ruwa cikin giris ya lalata shi.

Idan dare ya yi, a ajiye janareta nesa da tanti, kada kuma kowa ya kwana cikin mota injinta na aiki. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kashe mai barci.

Kammalawa

Kafin malami ya karɓi aron mota ko ya ɗauki shata, ya kamata ya sami amsar tambayoyi huɗu. Nawa ne nauyin tirela da dukkan kayanta? Nawa kamfani ya yarda motar ta ja, da birki da kuma ba birki? Nawa ya rage mata na ɗauka bayan an cire nauyin hancin tirela? Shin za ta iya fitowa daga laka? Wannan lissafi aiki ne da ɗaliban aji huɗu na sakandare za su iya yi a allo kafin ranar tafiya. Idan alƙaluma suka ƙi daidaita, sai a rage kaya, ko a raba su mota biyu, ko kuwa a bar tirela a gida a nemi masunta su ba da hayar kwalekwale a can bakin ruwa. Hausawa dai sun ce, tafiya sannu-sannu kwana nesa.